Jan Kunne Ga Ɗana Mai Rubuta Ƙa'idar Ofis

Ɗana, na karanta daftarin ƙa'idojin ɗa'a da kwamitinku ya rubuta wa hukumarku. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma zauna in ɗan ja maka kunne.

Ka cika shafuka da "an haramta", sai ka ce haramcin ne ya yi mana ƙaranci. Tun 2000 aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, takwararta EFCC ta biyo baya, ga kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 da ya wajabta wa ma'aikaci bayyana kadarorinsa in ya kama aiki, da duk bayan shekara 4, da lokacin barinsa. Duk da haka, a ofisoshi da yawa fayil ba ya motsi sai an ba da na goro. To me takardarka ta ƙara?

Dubi sashen kyauta. Kundin ya yarda ma'aikaci ya karɓi kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani, kai kuma ka kwafo shi yadda yake. Mu kuwa yaushe muke rabuwa da hidima? Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi Sallah. Ɗan kwangilar da ke jiran sa hannu sai ya aiko da ragon layya, a ce zumunci ne. Ka sa iyaka da naira. Ka buɗe littafin da za a rubuta kowace kyauta da sunan mai ita. Wanda takardarsa ke kan teburinka kuwa, ko aminin ƙuruciya ne, ya riƙe kayansa tukuna. Ai ka san da wani mai karɓar zakka ya dawo yana ware abin da ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) tambayarsa ya yi ko da a gidan iyayensa ya zauna za a kawo masa.

Abin da ya fi damuna shi ne ka ce a kai ƙorafi ofishin shugaban hukuma. Haba ɗana! Ka ba kura ajiyar nama. In shi ake tuhuma fa? Wane akawu ne zai tona asiri alhali ya san gobe za a wurga shi wani lungu, ko a danne masa ƙarin girma? Sai ƙorafi ya sami ƙofar da ba ta bi ta wajen maigida ba, kuma a rubuta ƙarara cewa hukuncin masinja shi ne na darakta.

Je ka gyara waɗannan wurare, ka rage tsawon sauran, ka kawo mini in sake dubawa kafin ku miƙa.