Aƙida da Larura a Cikin Kwamfutar Gwanjo

Ɗalibin da ya ɗora Linux a kan kwamfutar gwanjo a Gonin Gora, kan hanyar Abuja, yakan tarar Wi-Fi ya ƙi tashi. Sau da yawa laifin na ƙaramar manhajar da ke tuƙa katin sadarwar ne, wadda kamfanoni irin su Broadcom suka rufe asirinta. Shin saka ta cin amanar 'yancin manhaja da Richard Stallman ya fara kira gare shi a 1983 ne?

Ina ganin a'a. Masu tsauri suna cewa duk wanda ya karɓi rufaffiyar manhaja ya ƙarfafa mai ɓoye ilimi, kuma maganarsu tana da nauyi, domin abin da ba ka iya dubawa ba ka gama mallakarsa ba. Sai dai malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa larura tana sassauta hukunci gwargwadonta. Wannan ɗalibin ba shi da wayar intanet a ɗakinsa, ba shi da kuɗin sauya kati. Hana shi saka manhajar ba ya girgiza kamfanin ko kaɗan, karatunsa kawai yake tsayarwa. Mutanen Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, su ma sun kaɗa ƙuri'a a 2022, suka amince a haɗa irin waɗannan manhajoji cikin faifan girkawa, tare da ware su a fili.