Amanar Matattu a Hannun Mai Ƙaga Labari

A Ingila da Amurka akwai wani irin littattafan ƙagaggun labarai da ake gina su a kan zamanin da, jigonsu kuwa soyayya tsakanin mace da mace. Daga cikinsu akwai Fingersmith na Sarah Waters, wanda ya fito a 2002, labarinsa na Ingila ne a ƙarni na 19. Akwai kuma Patience and Sarah na Isabel Miller, wanda aka fara bugawa a 1969.

Hukuncin maɗigo sananne ne a littattafan fiƙihu: malamai sun haɗu a kan haramcinsa. Tambayarmu ta yau wata ce dabam. Shin mai ƙaga labari yana da iznin shiga zuciyar wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya zuba mata abin da ya ga dama?

Littattafan nan biyu ba ɗaya suke ba. Waters ta ƙirƙiri mutanenta ne, ba wanda ke kwance a kabari da zai tuhume ta. Miller kuwa ta samo tushen labarinta daga wata mai zane, Mary Ann Willson, wadda ta zauna da abokiyarta a jihar New York a farkon ƙarni na 19. Abin da aka sani game da su kaɗan ne ƙwarai. Ko da yake ta sauya sunaye, mai karatu zai tashi da zaton ya san sirrin matan nan biyu.

Masu wannan rubutu suna da hujjarsu. Sukan ce tarihi ya yi shiru a kan irin waɗannan mata, su kuwa suna cike giɓi ne. Sukan kawo misalin Anne Lister, Baturiyar Ingila da ta mutu a 1840, wadda ta rubuta sha'aninta da mata cikin ɓoyayyun haruffa, aka buga wani sashe a 1988. To, amma wannan shaidar mutum ce a kan kansa. Inda aka yi shiru kuwa, abin da marubuci ya cika giɓi da shi zato ne, ko da ya ƙawata shi.

Mu ma adabin Larabci bai kuɓuta ba. A 1906 Jurji Zaidan ya wallafa labarin soyayyar Abbasa, 'yar'uwar Haruna Rashid, da Ja'afaru Barmaki wanda aka kashe a 803. Alhali tun ƙarnuka kafin haka Ibn Khaldun ya ƙaryata wannan ƙissa a Muƙaddimarsa. Yau masu karatu da yawa sun san Abbasar Zaidan, ba su san raddin Ibn Khaldun ba, domin labari ya fi bincike saurin tafiya.

Akwai wata ɓarna kuma. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Muhammadu Bello, marsiyya mai cike da ƙauna da baƙin cikin rabuwa. Wanda ya saba fassara kowace ƙauna da sha'awa zai ɓata irin wannan aminci. Haka nan mai yaɗa jita-jita a unguwa don ya ga 'yan mata biyu sun shaƙu: zunubin zato ya ɗauka, wanda Suratul Hujurati ta tsawatar a kansa tare da bin diddigi da giba.

Mamaci ba ya iya kare kansa, don haka haƙƙinsa ya fi nauyi. Marubuci ya bambanta wa mai karatu abin da ya tabbata da abin da ya ƙaga, mai karatu kuma kada ya ɗauki hira a matsayin shaida. Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga mutuncin bayinsa, amin.