Cokali Ɗaya, Sai Jira

Ya Uba, tun da na farka nake haɗiyar miyau ban ma lura ba. Sau ɗaruruwa mutum yake haɗiya a yini, har cikin barci. Jijiyoyi da tsokoki fiye da 30 ne suke aiki a kan kowace loma, ban kuwa taɓa umartar ko ɗaya ba.

Hanya biyu ce a maƙogwaro, ta ciki da ta huhu. In zan haɗiya, sai wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya kamar na daƙiƙa guda, abinci ya wuce, sannan iska ta dawo. Ashe kullum ina sakar maka numfashina, kai kuma kana mayar mini.

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, haɗiyarta ta zama mai nawa. Ruwa ma ya fi wahalar da ita. Shi ruwa sauri gare shi, yakan gangara kafin hanyar iska ta rufu, sai ta ƙware, ta yi ta tari har idanunta su kaɗa.

Likita ya ce mu riƙa sauraron muryarta bayan ta sha. In ta fito kamar da ruwa a cikinta, wani abu ya saki hanya, abin da ya shiga huhu kuwa yana iya kawo ciwon huhu. Wani lokaci ma ko tari ba a yi.

To, ga yadda muke yanzu. Kunu mai kauri, yadda ya nuna mana. Tuwo a cuɗe shi da miyar kuka har ya yi laushi. Mu zaunar da ita sosai, da matashi a bayanta. Ƙaramin cokali, ba hira. In ta gama, a duba kumatun da ya shanye ko abinci ya maƙale, a wanke baki, ta zauna minti 30 kafin ta kishingiɗa.

Nakan ba ta cokali ɗaya, in zuba wa wuyanta ido har ya hau ya sauko. “Sannu, Inna.” Sai ta sake buɗe baki. Ta san zafin ƙwarewa sarai, amma tana buɗewa, don ta san hannun da ke riƙe da cokalin.

A nan zuciyata take tsayawa, ya Ubangiji. Ni so nake in ga ƙarshen jinyar nan tun yau. Kai kuwa rabon safiyar nan ka ba ni, ya kuma ishe ni. Ina koyon karɓa.

Ba ka nesa da wannan ɗaki. Ɗanka ya san busasshen maƙogwaro a kan gicciye, har da soso aka miƙa masa abin sha. Ka san tsoron da ke idon Inna in ta ga kofi.

Ka riƙe hannuna yau kada ya yi gaggawa. Ka ba ni kunnen jin muryarta, in kuma lokacin komawa asibiti ya yi, ka sa in gane da wuri.