Wa Ya Ba Mu Ikon Raina Ungulu?

Mun saba auna darajar halitta da kyan gani. Zaki mu yi masa kirari, ungulu kuwa mu tofar da yawu. Shin akwai adalci a wannan ma'auni?

Mu dubi yadda abinci ke zagayawa. Ciyawa na samun ƙarfi daga hasken rana, saniya ta ci ciyawa, mai cin nama ya ci saniya. A kowane mataki, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ne ke hawa sama, shi ya sa na sama ba su da yawa. Idan dabba ta mutu, ungulu ce ke kwashe mushen kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta.

A Indiya, cikin shekarun 1990, an riƙa ba shanu maganin ciwo mai suna diclofenac. Ungulayen da suka ci mushensu sai ƙodarsu ta lalace, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya taru, karnuka marasa iyayengiji suka yawaita, barazanar cizon mahaukacin kare ta ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin.

Mu ma nan ungulu ta yi ƙaranci a mahautanmu, ga masu farautarta don tsibbu. Ba mu yi kewarta ba, don ba mu taɓa lissafa aikinta ba. Haka muke yi wa masu kwasar shara da masu yasar masai. Wanda muke ƙyama saboda ƙazantar aikinsa, sau da yawa ƙazantarmu yake ɗauke mana.