Neman Asali: Don Zumunci Ko Don Alfahari?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, matasa da dama a Tama, Buza, Keita da Madawa suna tambayarmu hukuncin binciken salsalar gidansu, da kuma ta inda za su fara. Amsarmu ita ce sanin nasaba ilimi ne, amma niyya ce take mayar da shi ibada ko fitina.

Suratul Hujurat, aya ta 13, ta bayyana cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Tirmizi ya ruwaito umarnin koyon nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Sayyidina Abubakar, Allah ya yarda da shi, ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, bai kuwa taɓa mayar da ita abin taƙama ba. Wanda bai san danginsa ba, yaya zai raba gado bisa ƙa'idar fara'ili? Yaya zai gane wadda jini ko shayarwa ta haramta masa aure? Rigimar gona nawa ce a kwarin Majiya ta samo tushe daga mantuwar wane ya haifi wane?

Mafari shi ne tsofaffin gida, musamman mata, domin su ne suka riƙe sunayen iyaye mata da labarin shayarwa, waɗanda maza kan manta. A je musu da ladabi tun suna raye, a rubuta da boko ko ajami, ko a naɗi muryarsu da waya. A tambayi suna da laƙabi, garin da aka baro, dalilin tasowa, da inda aka binne mutum. Tsoho ba ya kawo shekara da lamba, amma ya san ko an haife shi kafin wata yunwa ko bayanta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973, ko El Buhari ta 1984. Sannan a duba bangon tsofaffin littattafan malaman gida, inda akan rubuta haihuwa da rasuwa, da takardun ƙidaya da na lanho. Mai son faɗaɗawa ya nemi littafin Djibo Hamani na 1975 kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai. Kirarin maroƙi kuwa a saurare shi, amma kada a ɗauke shi shaida sai wani bakin ya gaskata shi.

A nan ne jarrabawa take. Mai bincike yakan so ya tarar da sarki ko sharifi, sai ya tarar da maƙeri, ko ɗan gudun yunwa, ko wanda aka kamo a yaƙi. Haramun ne ya share wannan kakan ya jingina kansa ga wani, domin Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mai danganta kansa ga wanda ba ubansa ba. Haramun ne kuma ya tono asalin maƙwabcinsa don ya hana shi aure, ko gona, ko limanci. Wannan ciwo yana cikinmu. Sai a 2003 dokar Nijar ta sanya bautarwa cikin manyan laifuffuka, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, 'yar jiharmu ta Tawa, gaskiya. Mu tuna Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, Baƙuraisha ta wajen uwa kuma 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda aka 'yanta.

Ma'aunin da muke ba ku shi ne wannan: in bincikenku ya ƙare da ziyarar gwaggon da aka manta, ko mayar da rabon marayan da aka danne, ko addu'a ga kakan da aka daina ambato, to, ya yi albarka. In ya ƙare da raina wani gida, gara da ba a fara ba.

Allah ya gafarta wa magabatanmu, ya haɗa kan na baya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.