In Ba Mu Yi Nazarin Kanmu Ba, Wa Zai Yi?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa, kwanakin baya wata baiwar Allah ta tare ni bayan an tashi daga ta'alimi, ranta a ɓace. Wai 'yarta na son komawa jami'a ta karanci al'amuran mata, abin da 'yan boko ke kira nazarin jinsi, maigidan kuwa ya ce sam, karatun kashe aure ne. Tsoron nasa ba a banza ba, domin a littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka kan wannan fanni akwai ra'ayoyin da Musulmi ba zai karɓa ba. To amma na tambaye ta: in 'ya'yanmu da suka san Alƙur'ani da fiƙihu ba su shiga ba, wa zai riƙa ba da labarinmu?

Ki tuna, mata da kansu suka koka wa Annabi (SAW) cewa maza sun rinjaye su a majalisinsa, ya ware musu rana tasu, kamar yadda ya zo a Bukhari. Khaulatu bint Sa'alaba ta kai kukan mijinta da ya yi mata zihari bayan ta tsufa a ɗakinsa, Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Khansa'u bint Khidam kuwa, mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Babu wadda aka ce wa ta yi rashin kunya. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna kai ilimi ga matan ƙauye, su ne 'Yan Taru.

Yanzu ki dubi unguwarku. Mata nawa aka saka da daddare, suka saɓi goyo suka nufi gidan iyayensu? Alhali Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, kuma mai saki ɗaya cinta da shanta na wuyan mijin. Al'ada ta danne hukuncin, har mu mata ne kan gaba wajen cewa wadda ta zauna ba ta da zuciya. Haka gadon gona: 'yan'uwa maza su riƙe, su ce suna juya mata, sai dai ta ga ɗan tsaba da kaka.

Malam zai gaya miki hukunci. Amma me ya sa ba a bin sa? Wa ke cutuwa, kuma ina yaran ke ƙarewa? Wannan sai an shiga gidaje da kotuna an tambaya, an ƙirga, an rubuta. Tun 2012 Hukumar Hisba ta fara ɗaura auren zawarawa a Kano. Sanin abin da ke sa wani auren ya ɗore wani ya mutu aikin mai bincike ne. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ana yi wa masu yoyon fitsari aiki. Likita zai ɗinke, amma dole wata ta zauna da yarinyar ta ji dalilin da ya sa ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Kuɗin mota ne babu, ko maigida ake jira ya dawo ya ba da izini? Wallahi abin da za ta faɗa wa mace mai jin harshenta, mai sanin addininta, ba za ta faɗa wa baƙo ba.

Na ce wa baiwar Allahn nan ta lallashi maigida cikin ladabi, ta nuna masa ko a Jami'ar Bayero akwai cibiyar wannan nazari, sannan yarinyar kada ta ajiye littattafanta na Islamiyya. Ke kuma, in kin je makaranta wannan makon, ki roƙi malama ta buɗe muku babin aure da saki da idda a Risala, ki kuma tafi da maƙwabciyarki da aka kawo amarya bana.

Allah Ya fahimtar da mu addininSa, amin.