SALWAR DA AKA FASA WA KAI

 Duk wadda ta taɓa kiwon salwa a cikinku ta san irin safiyar da nake nufi. Kin fito da kwanon dusa kin buɗe keji, sai ki tarar da guda ɗaya ta raɓe a lungu, an fige mata gashin kai tas, fatar ta tsage, jini ya bushe har kan ido. Sauran kuwa suna ta cin abincinsu kamar ba su san an yi ba. Kyanwa ba ta shigo ba, ɓera bai shigo ba, 'yar uwarta ce da suke kwana tare ta yi mata wannan aika-aika. To a nan me ya kamata a yi, kuma laifin wa za a gani? Tambayar kamar ta yara, amma ni dai na daɗe ina juya ta.

Ita wannan salwa da muke sawa a keji baƙuwa ce, asalinta daga Japan take. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ce ta shigo da ita ƙasar nan a 1992, wato shekara ɗaya bayan an ba mu jihar Jigawa. Sunanta kuwa mun riga mun san shi tun a makarantar allo, a ƙissar Banu Isra'ila da aka saukar musu da mannu da salwa. Wajajen 2013 aka yi yayinta sosai, aka dinga cewa ƙwanta na maganin ciwon suga da hawan jini da gyambon ciki, kowa ya ruga ya ɗaura keji. Ƙwai ne dai mai gina jiki kamar kowane ƙwai, da aka gane haka kasuwa ta faɗi, masu neman kuɗi suka watse. Waɗanda suka rage yawanci mu ne matan gida, daga nan Birnin Kudu har Gwaram da Sara da Basirka, domin tsuntsuwa ce da ba ta cin wuri, cikin sati 6 zuwa 7 ta fara ƙwai, ga shi yara suna son ta har su raɗa mata suna. Kiwo dai ba baƙonmu ba ne, wanda ya hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa zai ga shanun da mutanen da suka zana a jikin dutse.

Abu na farko, ki cire ta nan take, kada ki ce sai kin gama wanke-wanke. Tsuntsu in ya ga ja caccaka yake yi, kuma da zarar jini ya fito, waɗanda ba ruwansu da faɗan ma za su sa baki, kafin azahar sai ki tarar da gawa. Ki samu kwali mai tsabta ki huda masa ƙofofin iska, ki shimfiɗa tsumma, ki ajiye ta inda ba hayaniya kuma ba haske sosai. Murfin ya zama mai laushi, domin salwa in ta firgita sama take zabura, sai ta ƙara fasa kan. Ki dafa ruwa rabin lita ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, in ya huce ya zama ɗumi-ɗumi ki wanke ciwon da auduga a hankali. Sannan ki ɗiga maganin nan mai launin shuni da ake ce wa GV, yana busar da ciwo kuma yana ɓoye jan, sai dai ki kiyaye idonta. Don Allah ban da baƙin mai, ban da kananzir, ban da toka. Ruwan sha a murfin kwalba, abinci a jiƙa shi ya yi laushi. Za ki sha mamakin yadda fatar kan salwa ke haɗewa, cikin sati biyu zuwa uku sai ki ga tsiron gashi. In kuwa ciwon ya yi wari, ko ta kwana biyu ba ta ci ba, sai a nemi malamin dabbobi.

Na san abin da maigida zai ce, kusan bakinsu ɗaya. "Ke dai ba ki da aikin yi, kawo wuƙa a yanka wa yara." Kuma fa ba ƙarya ya yi ba in lissafi ake bi, kuɗin mota zuwa wurin malamin dabbobi ya fi kuɗin tsuntsuwar. Ni ba na cikin masu ganin yanka mugunta ne. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma idan ƙoƙon kai ya fashe ko idanu biyu sun tafi, wuƙa mai kaifi ita ce tausayin da ya rage. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na uku, wanda ya fi yawa a gidajenmu: ba a yanka ba, ba a yi magani ba, a bar ta cikin keji wai "za ta warke da kanta." Makwarwar daji in an matsa mata tashi take ta bar wurin. Wannan kuwa ke kika rufe mata ƙofa, ke kika zaɓa mata abokan zama, ba ta da inda za ta. Ranar da kika sa sakata a kejin nan, ranar kika ɗauki haƙƙinta, ko nawa take a kasuwa. Malamai suna yawan tuna mana matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Ku lura, ɗaurewar ce ta ja mata.

Saura mai laifi. Zuciya tana so a ce ga muguwa, a kama ta a ƙwanƙwashe. Amma bari mu bincika. Wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya zauna yana kallon kaji tun yana yaro, a 1922 ya rubuta cewa kowane garke yana da tsarin girma, wannan ta sari waccan, waccan ta sari ta ƙasa da ita, har a kai kan wadda kowa ke sara ita ba ta da wanda za ta sara. Kakanninmu sun san wannan ba tare da sun rubuta ba. A fili mai faɗi saran ba ya wuce gargaɗi, ta ƙasa ta kauce shi ke nan. Yana zama jini ne idan wurin kaucewa ya ƙare. Keji ya cika maƙil. Maza sun yi yawa, alhali namiji ɗaya ya ishi mata 4 ko 5, ga shi wurin barbara gashin kan macen yake kamawa da baki. Kwanon abinci ɗaya tal, mai ƙarfi ta tare shi. Dusa zalla ake zubawa babu abin gina jiki, sai su koma cin gashin juna. An bar musu ƙwan sola a kunne dare da rana wai don ƙwai ya yi yawa. Ga zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano. Duk wannan wa ya tsara shi? Ba salwa ba ce dai.

Duk da haka akwai wadda ko kin gyara komai ba za ta daina ba, ta riga ta ɗanɗana. Irin wannan ita ya kamata a fitar, ta yi kwanaki ita kaɗai, in ta dawo ba ta sauya hali ba tukunya ta raba gardama. Abin da ke ba ni haushi, sau da yawa akasin haka ake yi. Wadda aka ji wa ciwo ita ke barin gida, mai saran tana nan daram a kan kwano.

'Yar uwa, na san kin gane inda na dosa tun ɗazu. Yarinya ta zo gida da kumburarren ido, ko daga hannun miji, ko kishiya, ko dangin miji. Uwa ta dafa ruwa ta gasa mata, ta sha kunu, ta yi sati biyu ta murmure. Wannan shi ne kwalinmu, kuma Allah ya saka wa iyaye da alheri, yaji ya ceci mata da yawa. Sai a zo biko da goro da dattijo guda, a ce "zo mu zauna zo mu saɓa," a ce "harshe da haƙori ma suna saɓawa," wata gwaggo ta ƙara da cewa in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Baba ya ce tashi ki bi mijinki. Ba wanda ya tambaya ko an raba musu tukunya, ko an daidaita kwana da cefane, ko an ja wa mai dukan kunne a gaban manyansa, ko ɗakin da ake cusa mata biyu da 'ya'ya tara ya ƙaru da taku ɗaya. Ciwon kawai aka jira ya bushe. Bayan wata uku ta sake dawowa, sai a ce ba ta da haƙuri.

Kada wata ta ɗauka ina wanke mai duka da misalin keji. A nan ne ma mutum ya rabu da tsuntsu. Salwa ba ta da hankali, ba za a tsayar da ita hisabi ba, shi ya sa kusan duk nauyin ya koma kan mai kiwo. Ɗan Adam kuwa ko ɗaki ya yi masa ƙunci, ko aljihu ya bushe, yana da zaɓin ya fita waje ya sha iska. Talauci da matsi suna bayyana dalilin faɗa, amma hannun da ya ɗaga nasa ne. Sai dai nauyinsa ba ya sauke na masu riƙe da sakata, wato uba da waliyyi da maigidan da ya tara mata ya kasa adalci, har da mu iyaye mata da muke tsoron a ce 'yarmu bazawara ce fiye da yadda muke tsoron a kawo mana ita a kwance. Haƙuri abu ne mai kyau, ni ma da shi nake zaune. Amma ban taɓa jin an tara dangi an ba mai duka haƙurin ya daina ba, kullum mai jini a ka ake ba.

Mu koma keji, don kada in bar ki da tsuntsuwa a kwali. Kada ki mai da ita sai ɓawon ciwon ya faɗi gashi ya rufe wurin. Ki sani kuma bayan kwanakin nan sauran sun manta da ita, baƙuwa za su ɗauke ta. Ki fara ajiye ta kusa da su da waya a tsakani, suna ganin juna ba sa taɓa juna, kamar kwana uku ko huɗu. Kafin nan ki rage mazan, ki ƙara kwano na biyu a ɗaya gefen, ki sa fasasshen tulu ko reshe mai ganye inda za a ɓuya, ki zuba musu yashi a tire su yi birgima, ki kashe fitila da dare. Ki sauya wa kwanuka wuri yadda kowa zai zama baƙo. Da magariba ake mai da ita, washegari kuma ki ɗauko kujera ki zauna kusa kina tsintar shinkafarki kina kallo. Ɗan sara ɗaya biyu ba komai. In kika sake ganin jini, ki fitar da ita gaba ɗaya, ki haɗa mata nata kejin da wata mai sanyin hali guda ɗaya, domin salwa ba ta jin daɗin zama ita kaɗai.